Babban Yatsan Eleuterio

Mako uku na yi a bene na huɗu, a Valparaíso,
ina gina wa masunta shafin sayar da kifi.
Allon kwamfutata ya kusa faɗin taga,
a kansa komai ya zauna daram:
teku shuɗi a sama, farashi a dama,
hoton jirgi yana shigowa a hankali, yana yanga.
Na ce, Maite, kin gama.
Na kurɓi shayi, na tafa wa kaina.

Talata da sassafe na gangara tudu zuwa bakin ruwa.
Eleuterio na wanke akwatuna, ɓawon kifi har gwiwar hannu.
Ya goge tafinsa a wando, ya zaro waya,
wata 'yar tsohuwa mai tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa.

Muka jira.
Tsuntsaye suka sauka, suka tashi, suka sake sauka.
Muka jira.
Jirgina ya maƙale, rabi ya fito, rabi na cikin duhu.
Farashin ya tsere ta gefen dama,
sai an ja shi kamar akuya mai taurin kai.
Rubutuna mai ruwan toka, wanda na ƙi jin shawara a kansa,
rana ta fito ta lashe shi tas.

Ya kai babban yatsa zai danna maɓalli,
yatsan da igiya ta ci shekara arba'in tana sassaƙa.
Ya danna ɗaya, uku suka amsa.
Bai ce komai ba.
Da ma zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Can ya nuna mini taru a ƙasa.
Ya ce, kin ga wannan?
In kifi goma ne, ya rungume goma.
In ɗari biyar ne, ya buɗe ciki.
Ban taɓa auna teku kafin in saƙa shi ba.

Na hau tudu, kunya ta fi jakata nauyi.

Daren nan na rushe ginin.
Na matse taga har ta koma faɗin tafin hannu,
daga nan na soma, ba daga sama ba.
Farashi farko. Sunan kifi. Lambar waya.
Jirgin na rage masa kaya,
na ce ya jira a ƙasa sai an neme shi.
Na daina ƙirga ɗigo ina kafa ƙusa,
na bar kowane akwati ya dubi wurin da ya samu
ya miƙe ƙafa daidai tabarmarsa.
Baƙi a kan fari. Harafi mai girma in an ce ya girma.
Maɓalli kuwa, na buɗa shi har ya ɗauki yatsan da na gani,
da jiƙarsa, da gishirinsa.
Na shaƙe wa intanet wuya da gangan
don in ɗanɗani jiran da na ɗora wa mutane.
Na rufe ido, na sa na'ura ta karanta mini,
ta zo kan hoton ta ce, hoto. Shi ke nan.
Na rubuta mata: jan jirgi, mutum biyu, hantsi.

A ofis Anselmo na ta murnar sabon kayan aiki,
wai ya fito jiya, wai ya binne na shekaranjiya.
Na ce madalla, ara mini tsohuwar wayar kakarka.

Juma'a na koma.
Shafin ya buɗe kafin tsuntsu ya sauka.
Eleuterio ya danna sau ɗaya, abu ɗaya ya amsa.
Ya daɗe yana kallo, ya kawo fuska kusa.
Na riƙe numfashi.

Ya ce, yarinya,
wannan farashin na makon jiya ne.