Daƙiƙa Huɗu

An kawo wuta wajen sha ɗayan dare,
Kawo ta ɗau ihu, firji ya yi tari ya tashi.
Ƙanena Tanimu ya jingina waya da gwangwanin madara,
ya ce, "Gwaggo, matso, an yi wa yaƙin Bama fenti."

Da gaske an yi masa.
Dajin da muka sani toka-toka ya koma kore shar,
kogi ya yi ruwan ƙasa, wuta ta yi jawur,
kuncin wani hafsa har jini ya hau,
idonsa kamar an tsoma a ruwan bula.
Mai bayani, da murya irin ta wanda ya ƙoshi,
yana jan sunaye: wane ɗan garin kaza,
ya baro mata da kare da gonar tuffa,
yana rubuta wa uwarsa wasiƙa duk Lahadi.
Har sunan karen an faɗa.

Gwaggo Tabawa ba ta jin Turanci.
Goronta take ci, tana jira.

A minti na talatin da bakwai kyamara ta waiwaya
kamar mai neman wani abu dabam:
layin mutane, laka har gwiwa,
akwatin harsashi a ka, ba ko gammo.
Injin da ya san launin tuffa
ya rasa yadda zai yi da fatarsu.
Ya ba su wani abu, ba baƙi ba, ba wankan tarwaɗa ba,
launin tukunyar da aka manta a ruwan sama.
Mai bayani ya ce, "da taimakon 'yan dako."
Daƙiƙa huɗu.
Aka koma kan hafsa yana kurɓar shayi.

"Mayar," in ji Gwaggo.
Tanimu ya mayar.
"Tsayar. Na ukun nan."
Ta kai fuska har numfashinta ya rufe gilashin.
"Haka Baba yake karkata kafaɗa."

Ba mu ce shi ne ba.
Ba mu ce ba shi ba ne.
Kofur Barau ya rasu ban cika bakwai ba.
Abin da na riƙe kaɗan ne: tarin asuba,
tabon matsattsaku a ƙwaurinsa,
lambobi biyu cikin gwangwanin taba,
da yadda yake tsame hannu daga tuwo
in taya ta fashe a titi.
Ya taɓa cewa daminar can ba ta da ranar hutu,
kuma a gindin gora suka binne Jatau, ɗan Kagoro,
ba fasto a kusa,
shi ya yi masa irin addu'ar da ya iya.

Wannan ba ya cikin fim ɗin.

Tanimu ya lalubo na wata ƙasa.
Can ma su suka ci yaƙin, su kaɗai,
tutarsu ta fi jini ja.
Na uku ma haka.
Wanda ke riƙe da ludayi, in ji Gwaggo,
ba ya tambayar wa ya yo itace.

Da safe, a bas ɗin Kasuwa, na wuce ƙofar Barikin Dalet.
Shekara ashirin ina wuce ta
ina zaton sunan wani Bature ne.
Ashe wuri ne, can inda laka ta cinye takalma,
suna ne ya biyo su gida
ya zauna a bakin titi, ba mai gaishe shi.

Ran Asabar ta sa muka kai ta shagon mai hoto.
Yaron ya buɗa hoton, fuskar ta watse kamar garin rogo,
sai kafaɗar nan kawai, a karkace.
Ya ce zai iya gyara launin, ɗari biyar ne ƙari.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga, ta ajiye.

"Cire fentin duka," ta ce.
"Ni na san launin ubana."