Icen Baɗi

Shekarata ta farko a Skowhegan
na sayi icce cikin mota a watan Nuwamba,
na cusa a murhu, na ƙyasta ashana.
Ya ƙi ci. Sai tsaki yake yi,
kumfa na tsattsafowa ta gindinsa,
hayaƙi ya turnuƙe falo, ƙararrawar silin ta hau ihu,
Kubura ta fice da jaririya a kafaɗa,
ba takalmi, cikin dusar ƙanƙara.

Maƙwabcinmu Lucien ya tsallako shinge yana tari.
Ya ɗauki faskare biyu ya gwara.
Dif, kamar an naushi buhun gero.
Ya koma gida ya ɗauko nasa biyu.
Ƙwal!
Ya ce, “Ka ji wanda ya ƙoshi da iska.
Naka shekaranjiya yana daji.”

A Gumel wa ke jiran icce?
Rana ke wannan aiki, ko sannu ba a ce mata.
Nan kuwa sai ka faskara tun Afrilu,
ka ɗage shi daga ƙasa bisa katako,
ka jera, ka bar tazarar da hannun yaro zai shige,
kwano a sama, gefe a buɗe.
Na taɓa lulluɓe nawa da tamfol har ƙasa, wai tausayi.
Da na yaye, duk ya yi funfuna.
Lucien ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Mapul shekara guda yake so.
Ok, mai taurin kai, sai biyu,
sai fuskarsa ta tsattsage kamar diddigen manomi,
ɓawo ya saki, nauyi ya gudu.

Bara ’yarsa ta zo ta tafi da shi Bangor,
gwiwa ta ƙi hawa bene.
Ya bar layi uku a bayan gida,
kowanne da watan faskararsa, an rubuta da alli.
Ya ce in kwashe, kada ya ruɓe a banza.

Yau na kai layi na biyu.
Wuta na ci shiru, ba hayaƙi.
Jaririyar nan, Nusaiba, ita ke ɗauko mini yanzu,
kuma ba ta miƙowa sai ta gwara biyu,
ta karkata kai, ta saurara.