Layin Bido

Jibi ƙarfe goma za su kira ni daga Yamai,
mutum uku cikin gilashin ordinatar,
su ce: zana muna tsarin da zai ɗauki mutum miliyan
bai durƙusa ba.

Sati uku ina zana akwatuna bayan tsohuwar kalanda,
sabar a nan, rumbun bayanai can,
kibiya ta fita, ta rasa gidan sauka.
Kuran ya ɗauke, na ƙarasa da tocin salula.

Ukun dare Inna ta buga ƙyaure:
"Ruwa ya zo, tashi."

Pampon Tsahara, nan Garin Malam, baki biyu ne.
Bido ya fi saba'in, rawaya duk,
sun yi jerin gwano har gindin dutse.
Ita ko ƙofar lakwal ba ta taɓa takawa ba.
Mai bido guda, hagu.
Mai kura da goma, dama,
kada ƙarami ya tsufa bayan babba.
Wani ya aje nasa ya koma barci,
bidon na tsaye a madadinsa,
saƙo ne cikin layi, ba ya ɓacewa.

Da jerin ya wuce dutsen ta ɗaga hannu:
"Ya isa! Sauran ku nufi pampon Illa."
Ashe ƙin karɓa ma aiki ne.

Na ce, Iya, in ya yanke fa?
Ta dube ni sama da ƙasa.
"Kai ɗan ina ne?
Yankewar ce ƴar gida, zuwan ne baƙo."
Littafin bashinta biyu, ɗaya na wajen ɗiyarta Barira
tun ranar da akuya ta cinye na fari.

Na turo kura gida, kafaɗa na zugi.
Inna ta cika randa,
don kada kowane ƙishi ya kai mu pampo.
Na kwana huɗun da ke ƙasa ta kwarara wa bedi:
ajiya ma tana tsufa,
sanin ranar zubarwa shi ne wuyar.

Kafin kiran assalatu na juya kalanda,
hannuna da sauran danshi, biro na zamewa.
Na zana baki biyu, layi, randa, littafi biyu,
da ƙaramar kibiya mai zuwa wajen Illa.

Jibi in sun ce miliyan ba zan yi saurin zane ba.
Zan tambaye su tukuna:
da bido nawa kowa zai zo,
kuma ƙarfe nawa ruwanku ke yankewa?