Ɓawon Burodi

Bas mai lamba goma sha huɗu ke kai ni,
ta bi gaɓar teku daga Aberaeron,
ta wuce tumakin da ruwan sama ya daina damunsu,
ta sauke ni a ƙofar gidan jan bulo
inda ƙanena Tegid ya shekara tara.
Shekarunsa arba'in da ɗaya. Maɓallai yake so.
Yana da gwangwanin biskit cike da su.
Ya san wanda ya fito daga kwat ɗin babanmu,
bai san ranar haihuwarsa ba.

A bakin ƙofa akwai takarda cikin gilashi.
Masu duba gidajen kulawa sun zo da bazara,
sun ƙirga tukwanen kashe gobara,
sun auna zafin ruwan wanka,
suka rubuta: gida mai kyau.
Ban ce sun yi ƙarya ba.
Tukwanen na nan jajaye, ruwan bai taɓa ƙona kowa ba.

Amma tun shigowar sanyi Tegid ya fara marin kuncinsa,
da tafin hannu tukuna, daga baya da bango.
Littafin gidan ya ce: rigima.
Litinin, rigima. Laraba, ya ture kwano, rigima.
Ma'aikata na wucewa kamar 'yan cin kasuwa,
wanda ya ba shi shayi jiya ba shi ne na yau ba,
kowa da gajiyarsa, da albashin da ba ya ganin ƙarshen wata,
kowa ya buɗe littafin, ya ga kalmar,
ya rubuta tasa a ƙarƙashinta.
Likita ya ƙara ƙwaya ta waya. Bai ga fuskarsa ba.

Ran Lahadi na same shi a kujera, yawu a haɓa,
idanu kamar tagar da hazon teku ya rufe.
Na kaɗa masa gwangwanin a kunne. Ko motsi.
Aka ce mini ai ya samu natsuwa.
Ni kuma na ce na gode.
Wannan godiyar har yau tana maƙale a wuyana.

Mared ce ta tare ni a baranda, bokiti a hannu.
Ba ta da ikon taɓa littafin, aikinta goge daɓe.
Shekara shida tana share ƙarƙashin kujerarsa.
Ta ce: da can ba ya barin ɓawon burodi,
yanzu kullum sai na kwashe shi a ƙasa,
tsakiyar kawai yake ci, ita ma ta gefen hagu.
Ido ba mudu ba ne, amma a duba bakinsa.

Haƙori ne. Na can ciki, ya ruɓe har saiwa,
mugunya ta taru ta cika dasashi.
Mako bakwai.
Mako bakwai yana faɗa mana da harshen da yake da shi,
muna ba shi maganin yin shiru.

An cire haƙorin. An kira taro.
Manaja ta yi kuka, kuma na yarda da kukanta.
Wasiƙa ta zo mai shafi biyu, wai an koyi darasi.
Ana rage ƙwayar rabi-rabi.
Jiya ya zube maɓallansa a tire,
ya ware baƙaƙe gefe guda, ya harare ni da na taɓa.
Ban taɓa murna da harara haka ba.

Mared za ta bar aiki ƙarshen wata,
babban kantin gari ya fi biya da fam ɗaya a awa,
tana da jikoki biyu a hannu.
Na roƙi a rubuta a shafin farko, da manyan baƙaƙe:
in ya doki jikinsa, a nemi inda yake ciwo.
Sun rubuta.

Ina tsaye ina jiran bas, ruwa na shiga takalmina.
Ta taga ina hango sabon yaro da tsintsiya,
abin sauraron waƙa a kunnuwansa,
yana tura abin da ke ƙarƙashin kujeru cikin leda
bai sunkuya ba.