Maɓallin Tuhin

Wata tara na ɗauke ka a gaban keken ɗinki,
hawa na shida, Mirpur,
mai kamfani na ƙirga riguna, ni ina ƙirga bashi.
Kuɗin haya ya hana ni barci,
kai kuma kana ta shuri, kamar ka ji.

Yau shekararka uku, Tuhin, bakinka da nauyi.
Likita ta ce, kin sha damuwa da cikinsa?
Na yi dariya. Wa ke tambayar kifi ko ya jiƙe?

Jiya da aka ɗauke wuta
na zube maka maɓallai gaban kyandir.
Ka ware jajaye, ka ware farare,
ka turo mini ɗaya,
ka ce, "Naki."

Wannan kam ba zai hau rigar kowa ba.