Ɓawo

Fasto Dogari ya turo mini ƙamus ta kan tebur,
tsoho, gara ta ci masa gefe.
Ya ce, "Tanimun, duba wannan kafin a ɗauke wuta."

Na duba.
Lepros.
Harshena ya ƙi ta, ya mai da ita lafuros,
kamar sunan maganin da ake sayarwa a kasuwar Dole.

Mu uku ne a ɗakin fassara, bayan coci, a Sabon Gari,
kwana biyu muna kan kalma ɗaya.
Ƙamus ya ce asalinta ɓarewa ne,
yadda ake ɓare gyaɗa,
yadda ɓawon kifi ke tashi a bakin wuƙa.
Ya ce Girkawa sun kira kowace fata mai ɓamɓaroki da ita,
kyasbi, makero, farin tabo,
har bango in ya yi fumfuna, har riga.
Cutar da ke cin yatsu kuwa
wani suna suka ba ta dabam: ciwon giwa.

Fasto ya ce, "To mu sa mai ciwon fata, ya fi ladabi."
Madam Gaji ta ce, "Albaras fa?"
Ni ban ce kome ba.
Ina kallon hannuna, goma cif.

Kawuna Barma majemi ne.
Shekara ashirin yana ɓare gashi daga fatar akuya,
toka, kashin tantabara, ruwan bagaruwa,
har fatar ta yi laushin kunnen jariri.
Wata rana wuƙa ta shiga tafinsa, bai ji ba.
Abokin aikinsa ne ya ga jinin.
Daga nan aka ware masa ƙwarya,
aka ware masa buta, a garin da ruwa ke da tsada,
aka ware masa hanya zuwa Kara-Kara,
can bayan duwatsu,
waɗanda su ma rana ke ɓare su, falle-falle.

Na ɗauki kabu-kabu da la'asar.
Na same shi a gindin bedi, yana murza igiya da dungu da gwiwa.
Ya sha maganin lokotoro tuntuni, cutar ta mutu,
sunan ne bai mutu ba.

Na ce, "Kawu, wata kalma ce ta gagare mu."
Na ba shi labarin mutumin da ke cikin nassin,
da ƙamus, da ɓawon kifi, da giwa.
Ya yi dariya har ya yi tari.
"Giwa! Ashe ni babba ne ban sani ba.
Kuturu da kuɗinsa, ka kawo mini goro?"

Na ba shi. Ya tallabe shi da tafi biyu.
Ya tauna, ya daɗe.

Sai ya ce, "Shi mai warkarwar,
daga nesa ya yi masa magana?"
Na ce, "A'a, hannu ya miƙa, ya taɓa shi."
"Kafin ya warke, ko bayan?"
"Kafin."

Ya tofar da tuƙa.
"To kada ku jeme kalmar nan.
Na san jima, ita ke sa fata ta manta dabbar da ta fito.
Ku bar ta da gashinta da warinta.
In kuka ce mai ciwon fata,
wa ke tsoron taɓa mai kyasbi?
Kun rage wa taɓawar kuɗi ke nan."

Na tashi zan tafi, na ce sai an jima,
hannuna biyu a aljihu, yadda na saba tun ina yaro.
Ya dube su. Bai ce kome ba.

Na fitar da na dama.
Dungunsa da ɗumi, da kaushi kamar bayan ƙwarya,
da ɗan danshin goro.

Da dare an ɗauke wuta.
Na rubuta kuturu da hasken salula,
na ja layi a ƙarƙashi,
don na san gobe Fasto zai yi gardama.