Maƙerin da Ke Tsoron Ruwa

A gwangwanin alewa ya zo mana.
Bitrus ne ya ɗauko shi daga Samaru,
gidan wani malamin jami'a da ya tattara ya koma ƙasarsu,
ya bar tsummokara, da kujera mai ƙafa uku,
da ɗan lido mai fuska ashirin.
Mu da muka san shida ce ƙarshen sa'a,
muka yi ta juya shi a tafin hannu
kamar waɗanda aka ba ajiyar ƙwan jimina.

Babu littafin ƙa'ida. Shafi huɗu ne kacal,
su ma gara ta ci rabonta.
Abin da gara ta cinye, da baki muka cike shi.
A zauren kakanmu Jatau, Tudun Wada,
bayan takardar siminti ya zama ƙasa:
na zana Kufena, na huda masa ƙofa a ciki,
na ja Kubanni har ta yi faɗin da ba ta taɓa mafarki ba.

Ni ke riƙe da labari.
Bitrus maharbi ne, kullum kibiyarsa saura ɗaya.
Ƙanwata Ladidi, da aka aiko ta kawo ruwa ta koma,
ta dire kwano ta ce ita ɓarauniyar raƙuma ce,
har yau ba ta koma ba.
Tanimu kuwa maƙeri ya zaɓa,
ƙato, mai guduma, mai tsoron ruwa.
Na ce, tsoron na mene ne, ga jarumta kyauta?
Ya ce, wanda ba ya tsoron komai,
me za a faɗa a kansa?

Unguwa ta ce caca muke.
Liman ya turo ƙaninsa, Malam Shekarau, ya gano.
Ya zauna bakin ƙofa da carbi, ido na laluben kwabo a tabarma,
bai ga ko anini ba.
Da aka kira la'asar ya miƙe, ya zura takalmi,
sai ya waiwayo:
To shi maƙerin, ya fito daga rijiyar kuwa?

Shekaru suka yi ta jefa mu yadda suka ga dama.
Ni reluwe, Bitrus asibitin Wusasa,
Ladidi alli da allo a Gyallesu,
Tanimu shagon gyaran rediyo a Sabon Gari.
Amma daren Asabar namu ne,
da fitilar ƙwai, da ta caji, da hasken waya.
An yi aure, an yi suna, an yi furfura,
maharbi bai saki kibiyar nan ba.

A daminar bara waccan
na kai su bakin kogi, ba gada, ba kwalekwale.
Tanimu ya jujjuya ƙwayar, ya ajiye,
ya ce kansa na sarawa, a bari sai mako.
Ran Laraba muka raka shi makwanci.

Takardarsa na nan a gwangwani,
da tabon shayi, da rubutunsa mai kishingiɗa hagu.
Maƙeri na tsaye a gaɓa, guduma a kafaɗa.
Ba mai iya cewa a ci gaba,
ba mai iya cewa a naɗe tabarma.

Jiya jikata Dije, 'yar shekara tara,
ta buɗe gwangwanin ba ko sallama.
Kaka, wannan me yake jira?
Na ce, ruwa yake tsoro.
Ta ce, to ai sai a riƙe masa hannu.
Ta hura wa ƙwayar iska, ta wurga,
ta gangara ƙarƙashin kujerar Bitrus.
Muka durƙusa, tsofaffi uku, gwiwoyi na kuka.
Lambobin sun goge tun tuni, idona ma ya bi su.
Na ce, nawa ne?

Ta duba, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, ya jiƙe har wuya, Kaka,
amma gudumar ba ta faɗi ba.